Wa ke ba da labarin wuraren cin abinci a Garwa? Ina so in fara amma ina neman shawara

Ɗan Lopere ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure manya da ƙanana, da fatan kowa ya tashi lafiya, ya zafi kuma. Akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, yau dai nace bari in kawota nan tunda na san akwai waɗanda suka girme ni kuma suka fini sanin gari.

Me ya sa duk faɗin Garwa, babban garin nan namu na arewacin Kamaru, babu mai ba da labarin wuraren cin abinci? Labari na gaskiya nake nufi ba talla ba. Ku duba fa, tun daga Yelwa har Jambutu, Rumde Ajiya, Pumpumre, Marware, Kollere, babu lungun da zaka shiga baka ji ƙamshin wani abu ba, da safe makala da wake da kunu, ga masu shayi da omlet-spageti, da rana tuwo da miyar folere wato yakuwa, ko tasba wato tafasa, ko bokko wato kuka, ga ndole da eru na mutanen kudu, da dare kuma Yelwa ta cika da hayaƙin kifi da soya. Amma in baƙo ya sauka a ajans, wato tashar mota, yace ina zai ci abinci mai kyau sai dai a haɗa shi da ɗan klando, wato ɗan acaɓa, shi kuma ya kai shi inda ake bashi nashi kason.

Lokacin CAN, gasar ƙwallo ta kofin Afirka, a Janairun 2022 abin ya fi damuna. Rukunin Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau a nan aka buga shi, ranar da Najeriya ta ci Masar 1-0 garin nan cike yake da mutanen Yola da Mubi har da na Kano, masu jin Hausa irinmu, kuma tambayar kowa ɗaya ce, ina ake cin kifin tafkin Lagdo, ina tuwo mai kyau. In ka buɗe waya ka nema abin da zai fito maka restoran na otal ne da wasu sunaye da Faransanci waɗanda wasunsu ma sun daɗe da rufewa. Matar da ta shekara ashirin tana tuƙa tuwo a bayan kasuwa, wadda rabin 'yan kasuwar da tuwonta suka girma, ba ta cikin wayar kowa. Jaridu irinsu L'Oeil du Sahel da Cameroon Tribune hankalinsu na kan siyasa da tsaro da auduga da ƙungiyar ƙwallo ta Coton Sport, ban ga laifinsu ba aikinsu kenan, kuma da Faransanci ko Turanci suke fita, iyayenmu mata ba su suke karantawa ba.

To ni ina so in buɗe shafi a Facebook da TikTok, da Hausa ina haɗawa da Fillanci, in dinga zagaya gari ina ci ina faɗin abin da na gani. Waya ina da ita, moto ina da shi. Abin da ya tsaye min a wuya shi ne, in na shiga wuri na tarar abincin ba daɗi ko na ga ƙazanta, in kama sunan wurin ko in yi shiru? Don wallahi bana so in zama sanadin karyewar jarin wata mai marayu, kuma bana so in yi wa mutane ƙarya. Sannan in mai wuri yace ci kyauta ko ya miƙo min na mai, in karɓa? In ban karɓa ba da me zan dinga sayen mega na intanet da mai da abincin kansa, tunda zuwa-zuwa, fetur ɗin bumburutu da ake shigowa da shi daga Najeriya, ma yanzu ba arha tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023. Dan Allah wanda ya san harkar jarida ko yake sana'ar abinci ya taimaka min da shawara. Na gode.

Tsohon Ɗan Rediyo ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka. Na yi shekaru da makirfo a hannu a garin nan kafin in ajiye, bari in fara da dalilin da ya sa abin da kake nema babu shi, don ramin da ya ci mutane da yawa yana nan yana jiranka.

Tun da gwamnati ta buɗe ƙofa wa rediyo masu zaman kansu a shekarar 2000 tashoshi suka yi yawa, amma masu biyan talla na gaske a arewa ba su ƙaru ba. Kamfanonin waya, kamfanin lemo, masu maganin gargajiya, 'yan siyasa in zaɓe ya zo, sai ONG, ƙungiyoyin agaji masu zaman kansu, in suna da saƙon rigakafi, shi kenan. Yaron da ke aiki a ƙaramar tasha sau da yawa ba shi da albashi tsayayye, da gombo yake rayuwa, ɗan ambulan ɗin nan da ake miƙa masa bayan taro ace na mai ne. To ka gaya min mai tuwo a Kollere gombo nawa zata bayar? Shi ya sa makirfo ke zuwa bikin buɗe sabon restoran na wani babba a Plato, a yabi abinci tun kafin a sa a baki, amma ba ya zuwa inda mutanen gari ke ci kullum. Publi-reportaj ne, wato tallar da aka biya, ake watsawa a matsayin labari, kuma mai sauraro ba wawa bane, ya gane tuntuni shi ya sa ba ya yarda.

Saboda haka maganar kuɗi ba ta da tsawo. Ka biya kuɗin farantinka. Na san al'adarmu, in babba tace ci ɗana ka ƙi ci ka yi rashin kunya, to ka ci ka yi godiya amma wannan cin ba shi zaka ba da labarinsa ba. Ka dawo wata rana ba sanarwa, ko ka aiki yaron da ba a sani ba da kwano ya sayo maka irin wanda ake zuba wa kowa, don farantin da ake zuba wa mai kamara daban yake, tsoka ta fi yawa mai ya fi yawa. Kuɗin mega kuwa ka nemi talla wajen waɗanda ba abinci suke sayarwa ba, mai shagon waya, tela, mai gyaran moto, kuma ka faɗa da bakinka cewa wannan talla ce. Ranar da ka karɓi sefa 5000 daga mai restoran, daga ranar duk wanda ka yaba za a ce biyanka aka yi, har wanda bai baka ko sisi ba.

Abu na biyu, kuma shi ne ya fi min muhimmanci. Cewa "ya yi daɗi" ba aikin jarida bane, kowa na da harshe. Aikin shi ne ka san inda abin ya fito. Misali kifi. Kowa a Yelwa zai ce maka na Lagdo ne, amma tafkin nan da ya samu bayan 'yan China sun gama madatsar a 1982 ana rufe shi wa masunta wata uku na damina, Yuli zuwa Satumba, don kifi ya hayayyafa. To in a watan Agusta aka ajiye maka ƙaton kaptan, wato giwan ruwa, a gabanka ya kamata ka tambaya daga ina? Daga Binuwai ne, daga frigo wato firji ne, ko na sata ne da aka kama lokacin da aka hana? Ka koyi bambance giwan ruwa da ragon ruwa da karfasa da tarwaɗa tun suna ɗanye, ka san makaro daga Duwala ake kawo shi a daskare ba ruwansa da kogi. Ka je kasuwar Pitowa ranar Lahadi ka ga farashin dawa da gyaɗa da akuya da idonka, sannan zaka gane me ya sa naman cikin miya ya ƙanƙance a wata kaza. Mai wannan sanin shi ake saurara.

Batun kama suna kuwa, ni shawarata kar ka kama. A ƙasar nan ɓata suna laifi ne da ake ɗaure mutum a kai, sashe na 305 na kundin hukunta laifuka, ga kuma dokar intanet ta 2010, kuma kai ba ka da jarida a bayanka ba ka da lauya. Ka faɗi wuraren da suka cancanta, wanda bai yi ba ka wuce shi shiru. In mutane suka yarda da kai, rashin ambatonka ma ya ishi mai wurin ya gyara.

bamarwa ya rubuta:

Slm. Ni dai abu daya zan roka, in ka fara kar ka tsaya a garwa kawai dan Allah, ka hau mota kilomita 200 ne da yan kai ka iso marwa ka ci tuwon masakwa na karal wato dawar da ake nomawa da rani a kasar laka, da miyar kubewa busasshiya da man shanu, wlh masara bata kama kafarsa ba. Ku can kun koma masara da shinkafa kun manta da dawa. Ga albasa a nan take, ga shinkafar kamfanin SEMRY daga yagwa da maga, ga soya na unguwar domayo da dare. Mu ma babu mai fadin labarinmu, in aka ambaci marwa a labarai sai dai boko haram ko ambaliya, kamar bama cin abinci bama biki. Ka zo ni zan zagaya dakai a motona ba sai ka biya klando ba

Goggo Mai Tuwo ta rubuta:

Salamu alaikum. 'Yata ce take rubuta min ina faɗa mata, ita ta karanta min maganarku tun daga farko nace a'a wannan da ni ake, sai na sa baki.

Ɗana na ji daɗi da kace baka so ka karya jarin mai marayu, Allah ya saka maka. Amma bari in gaya maka abin da ba a gani daga kan benci. Ni kafin kiran assalatu na tashi, a hura wuta a ɗora ruwa, yarinya ta tafi injin niƙa, ni in tafi wajen mahauta don in ka makara sai ƙashi da jijiya. Itace saye, gawayi saye, ruwa in famfo ya ɗauke sai masu kura kuma jarka ma ta tashi, man girki na Diamaor ya tashi, gyaɗa ta tashi, ga tikitin kasuwa kullum ga empo wato haraji ga kuɗin haya ga 'yan aiki uku da zan sallama da yamma ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Lokacin da burodi ya tashi daga 125 zuwa 150 a 2022 kowa ya yi magana har a rediyo, amma mu farantin 500 in na ce ya koma 600 rabin masu zuwa ba zasu dawo ba, 'yan klando ne da masu dako da 'yan makaranta, to sai dai in rage tsoka in bar tuwo yadda yake don mutum ya ƙoshi. Sai wani ya zo da waya yace nama ya yi kaɗan. Eh ya yi kaɗan, amma ka tambaye ni dalili mana.

Ga wuta. Watan Maris da Afrilu zafi ya wuce 40, ruwan Lagdo ya ja baya ana ɗauke wuta ta wuni, naman da ka sa a frigo da dare da safe sai ka sunsuna ka zubar, asara ce kuma ba mai biyanka. Mai tsoron Allah zata zubar, marar tsoro zata ƙara yaji da magi ta sayar. To wannan bambancin shi nake so ku dinga faɗa wa mutane, ba wai kujerar wane ta fi kyau ba ko wane ya sa fanka.

Akwai yaron da ya taɓa zuwa wajena bai yi sallama ba bai ce komai ba, ya zagaya baya ya ɗauki hoton kwata, kwatar da ba ni na gina ba ta unguwa ce gaba ɗaya, ya sa a waya. Sati guda ciniki ya faɗi, mutanen da suka shekara suna ci a hannuna suna wucewa suna kau da kai. Na yi kuka wallahi. Da ya zo yace Goggo ga abin da na gani, da na nuna masa inda nake wanke kwano da inda nake ajiye ruwan sha a rufe. Don haka ni roƙona, in ka ga abin da bai yi maka ba ka fara gaya min ni da kai, ka bani kwanaki, ka dawo. In ka dawo ka tarar ban gyara ba to ka faɗa, ba ka da alhaki na. Kuma kar ka ɗauki fuskar mace sai ka tambaya, wata mijinta bai yarda ba, wata tana takaba, wata 'yan aikin ma iyayensu a ƙauye basu san aikin da suke yi ba. Ka ɗauki tukunya ka ɗauki hannu ka ɗauki faranti ya isa.

Kuma kar ka zo ƙarfe 4 na yamma ka ci ƙarshen tukunya kace haka tuwona yake, tsakanin 12 da 2 ake cin tuwo.

Abin da zai faranta min rai kuwa shi ne ka tambaye mu yadda ake yi da wanda ya koya mana. Yaran yanzu sun ɗauka miya magi ce. Folere in baka tafasa ka rage tsaminta ba, ko ka karya shi da ɗan ruwan toka ko kanwa, gyaɗa ba zata kama ba. Tasba tana son a dafa ta da wake a barta ta nuna a hankali. Bokko da gubuɗo da lalo kowacce da irin kaɗinta da irin wutarta, kuma daddawar batso wadda Fulani ke cewa mbuja, ta 'ya'yan yakuwa, ita ke ba miya ƙamshin da kuke cewa na kaka, yanzu masu yinta da kyau sun yi ƙaranci tsofaffi ne a ƙauye. Ni wajen goggona na koya ita kuma wajen uwar mijinta Bafillatana, shi ya sa miyata rabi ta Hausawa rabi ta Fulani. In muka mutu ba wanda ya ɗauka shi kenan ya tafi.

'Yar Kusiri ta rubuta:

Ina gaida Baba Tsohon Ɗan Rediyo da Goggo, ku yi min haƙuri ni ƙarama ce amma a maganar yin shiru ban yarda ba. Aikin asibiti nake, kuma duk wanda ya ga kwalarar 2010 a nan arewa mai nisa ba zai ce a wuce ƙazanta shiru ba, mutane ɗaruruwa suka mutu, kuma damina bata wucewa bamu kwantar da masu gudawa da taifot ba. Baba yace rashin ambato ya isa, to mai dakon da ke cin abinci a wurin ya zai san an ƙi ambaton wurin ne saboda ruwan wanke hannu? Shi dai yana ci ne kawai.

A raba abu biyu. Gishiri ya yi yawa, tuwo ya yi ruwa, nama tauri, wannan ra'ayi ne, harshen wani ba na wani bane, a nan na yarda kar ka kama sunan kowa. Amma roba ɗaya da mutum talatin suka wanke hannu a ciki ba a canza ruwan ba, ƙanƙarar da ba a san da wane ruwa aka yi ta ba ana zubawa a folere na sha wato zoɓo, salak da aka wanke da ruwan kogi, man suya da ya koma baƙi ana ta juya shi kwana da kwanaki, shinkafar jiya da ta kwana a zafi aka ɗumama sama-sama, wannan ba ra'ayi bane rai ne. Hanyar da Goggo ta faɗa ita ce daidai, ka gaya wa mai wurin tukuna ka dawo, in ba a gyara ba ga 'yan duba-gari a meri, ofishin magajin gari, aikinsu kenan ka kai musu, kuma ka faɗa wa mutane abin da idonka ya gani kawai, rana kaza ƙarfe kaza na ga kaza, ba zagi ba ƙari. Sannan wadda ta sa buta da sabulu ana zuba wa mutum ruwa a hannu, ta rufe abincinta daga ƙuda, a yabe ta da suna da babbar murya, don buta ba tsada gareta ba kuma in wasu suka ga ana yabo zasu kwaikwaya.

Wani abu kuma yayana, mu nan gadar Ngeli kawai ke tsakaninmu da Njamena, kuma can ma matsalar ɗaya ce, abin da ake nunawa a waya na titin Charles de Gaulle ne inda Turawa da ma'aikatan ONG ke ci, alhali abincin garin yana wajen masu gasa naman raƙumi da marara, da kisra da miyar mulukiya, da masu jus na mangwaro da gwaba da madara, da busasshen kifi salanga da banda na kasuwar Dembe. In shafinka ya yi ƙarfi ka samo wani a can mai jin Larabcin Shuwa ya dinga turo maka, Hausawa suna da yawa a garin zasu bi ka.

Ɗan Lopere ya rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Baba na riƙe maganar biyan faranti da ta talla, kuma wallahi maganar rufe Lagdo ta buɗe min ido, da ita ma zan iya farawa in je wajen masunta da masu sarin kifi in ji yadda suke yi a watannin nan uku. Goggo in Allah ya yarda ba zan ɗauki fuskar kowa ba sai da izini, kuma ina so in zo tun asuba in ga yadda ake farawa in kin amince, zan bi ta wajen 'yarki. Adda 'Yar Kusiri maganarki ta shige ni, sai dai ina tsoron abin da Baba ya faɗa na kotu, in na faɗi abin da na gani da hoto a hannuna shi ma za a iya kamani?

Bangaro Ngaundere ya rubuta:

Salam. Ni mahauci ne ɗan mahauci, kilishi muke yi, kuma naga duk maganarku ta tafi kan tuwo da kifi to bari in sako namu. Duk wanda zai hau jirgin ƙasa da yamma zuwa Yawunde sai ya riƙe ƙunshin kilishi, har can kudu sunan Ngaundere ake sayarwa, amma da za a tambayi masu saye yadda ake gane mai kyau ba zasu iya faɗa ba, shi ya sa 'yan damfara suka shigo mana sana'a.

Kilishi na gaskiya daga cinyar sa ake yi, tsoka zalla ba kitse, shanunmu na Gudali ga su nan a kan tudu ba sai an nemo daga nesa ba. A feɗe ta siriri kamar takarda a shanya a rana ta bushe, sannan a tsoma a labu, tunkuza da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa, a sake shanyawa, sannan a gasa sama-sama a kan garwashi. Nama mai yawa ke komawa ɗan kaɗan, shi ya sa yake da tsada, in ka ga mai arha sosai to labu aka lafta masa ya fi naman nauyi, ko an sa kala don ya yi ja, ko bai bushe ba kafin ka kai Yawunde ya yi fumfuna a leda. Da damina kuma nan garin ruwa ba ya ɗaukewa, shanya wahala ce, mai gaskiya yana rage yawan da yake yi ne.

Ɗan'uwa irin wannan nake so ka dinga koya wa mutane, ka ɗaga shi a rana ka ga haske na ratsawa, ka karya ka ji, ka tambayi yaushe aka gasa. Mu masu yi da kyau ba ma tsoron kamara, ka zo mahauta da safe ka ga likitan dabbobi na duba nama yana buga hatimi, ka bi naman har inda ake shanya. Wanda ya hana ka shiga bayan rumfarsa shi ya san abin da ya ɓoye. Amma in ka zo ka fara gaida Sarkin Pawa tukuna, ba a shiga harkar mahauta ta taga.

Tsohon Ɗan Rediyo ya rubuta:

'Yata ta Kusiri kin yi gaskiya a kan maganar rai, na karɓi rabon da kika yi, abin da ke sa cuta ba a rufe shi. Amma ɗana amsar tambayarka ita ce eh, ana iya kai ka ƙara ko da hoto a hannunka, hoton zai taimake ka a gaban alƙali ne amma ba zai hana a kira ka komisariya wajen 'yan sanda ba, kuma mai kuɗi ya fi ka juriyar zirga-zirga. Don haka in abin ya kai ga haka kar ka tafi kai kaɗai. Ka rubuta takarda zuwa ofishin tsafta na meri ka ajiye kwafi mai hatimin karɓa, ka je da shaida mutum ɗaya, ka nemi mai wurin ya faɗi nashi ɓangaren ka sa muryarsa a ciki ko da musu ya yi, kuma kar kalmar "guba" ko "mushe" ta fito daga bakinka sai in likita ne ya faɗa a rubuce. Kafin ka saki irin wannan ka turo min in saurara tukuna, akwai kuma wani tsohon abokin aikina da ya san shari'ar 'yan jarida zan haɗa ku. Shirin Lagdo kuwa kar ka jira damina, ka je yanzu da ake kamun ka ɗauki farashi a bakin ruwa da na Yelwa, in Agusta ta zo ka sake ɗauka ka gwada wa mutane su gani.